Ƙarfen Ƙarin Bodi na A-kori-kura: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Ɗaukar Dogon Kaya

Na daɗe ina aikin walda, kuma akwai matsala guda da masu a-kori-kura ba sa gajiya da kawo mini. Mutum ya sayi Hilux mai ƙofa huɗu, ya shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ko Kasuwar Ƙofar Ruwa ya yi sayayya, sai a wajen lodi ya ga kayan sun ninka bodin motarsa tsawo. Maganinta shi ne wani ƙarfe da ake ƙara wa motar ta baya don ya tallafi wutsiyar dogon kaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kansa a bakin shago, tare da amsar da nake bayarwa.

Maigida, wai mene ne wannan ƙarfen, kuma yaya fasalinsa yake?

Sassa huɗu ne. Akwai kube, wato guntun fayif mai kusurwa huɗu da ake kafawa a shasi ƙarƙashin bodi. Akwai ƙashin baya, dogon fayif da ke shiga cikin kuben kamar yadda wuƙa ke shiga nata, ya miƙe zuwa bayan mota. A ƙarshensa ginshiƙi ya tashi sama. A kan ginshiƙin kuma aka gitta ƙarfen da nake kira matashi, domin a kansa wutsiyar kaya ke kwanciya. Matashin yana da kunnuwa biyu a gefe da gefe, masu hana kaya zamewa. Idan an gama aiki sai a zare fil guda, a cire ƙarfen gaba ɗaya a jefa cikin bodi.

A Amurka aka fi sayar da na kamfani, saboda yawancin motocinsu na ɗaukar kaya suna zuwa da kube mai faɗin inci 2 don jan tirela. A nan sai ka ƙera har da kuben.

Me zai hana in sauke ƙofar bodi kawai in ɗaure kayana, kamar yadda kowa ke yi?

Ɗauko tef mu auna. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu bai wuce mita 1.5 da 'yan kai ba. Idan ka sauke ƙofar bodi ka samu ƙarin kusan rabin mita, ka tashi da mita 2. Katakon da ake sayarwa a kasuwa ƙafa 12 ne, wato kamar mita 3.6, tsakiyarsa tana faɗawa a mita 1.8. Ka ga ke nan tsakiyar katakon saura ɗan taƙi ta fita daga mota. Abin da ke lilo a iska ya haura mita ɗaya da rabi, kuma duk ramin da ka faɗa sai ya girgiza ya danna bakin ƙofar bodin. Wannan ƙofa igiyoyin ƙarfe biyu ko 'yan sanduna biyu ne kaɗai ke riƙe da ita, ba a yi ta don irin wannan dukan ba.

Mai tsohuwar Fijo 504 irin wadda aka harhaɗa a Kaduna ya fi samun sauƙi, domin bodinta ya kai kusan mita 2, Hilux mai ƙofa biyu kuma kamar mita 2.3. Su katako ba ya damun su sosai. Fayif da rodi ne matsalarsu.

To idan na sa shi, nauyin da motar ke ɗauka zai ƙaru ke nan?

A'a, Alhaji. Idan abu ɗaya za ka riƙe daga duk bayanin nan, to ka riƙe wannan. Tsawon bodi ka ƙara, ba ƙarfin mota ba. Hasali ma duk kilon da ya sauka a kan matashin ya fi wahalar da mota fiye da wanda ke cikin bodi.

Ka tuna yadda ake ɗaga dutse da doguwar sanda: ka sa ƙaramin dutse a ƙarƙashinta, ka danna wannan kai, wancan kan ya tashi. Tayoyin baya su ne ƙaramin dutsen. Tsakanin tayoyin gaba da na baya a Hilux mita 3 ne da ɗan ɗoriya. Matashin yana zama kamar mita 2 a bayan tayoyin baya. Idan kilo 100 ya danna shi, tayoyin gaba za su yi asarar nauyin kusan kilo 65, na baya kuma su ji kamar an ɗora musu kilo 165. Tayoyin gaban nan su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa direba zai ce maka ya ji sitiyari ya yi sakayau, ko ya karya kwana motar ta ƙi bi. Da dare kuma fitilunsa su koma haska sama, suna kashe wa masu tahowa ido.

Da yawa daga cikin na kamfani ana rubuta musu iyakar fam 350, kusan kilo 160. Wanda aka ƙera a shago, da ƙarfen da ba a san asalinsa ba, zai kuma bi hanyoyinmu masu gargada, ni ba na yarda a ɗora wa matashinsa fiye da kilo 100. Sauran nauyin bodi ne zai ɗauka.

Yaya zan yi bodi ya ɗauki mafi yawan nauyin?

Da abu biyu. Na farko, tsakiyar kayan ta faɗa cikin bodi ko a kan ƙofarsa. Ka auna kayan, ka raba biyu, ka yi alama da alli. Idan alamar ta fita waje, wannan kaya ba na kwanciya a bodi ba ne. A mota mai ƙofa huɗu iyakarka kamar mita 4 ke nan, a mai ƙofa biyu kamar mita 5.

Na biyu, tsayin matashi. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗaga shi ya fi ƙasan bodi tudu, wai don kaya ya karkata gaba. Idan ka yi haka, katakon zai taɓa wuri biyu kawai, can gaban bodi da kan matashin, kuma kashi biyu cikin uku na nauyinsa zai sauka a kan ƙarfen da ka ƙera. Ka daidaita shi da shimfiɗar bodi, ko ma ya gaza da santimita ɗaya. Kaya ya kwanta sosai a bodi, matashi ya tallafi wutsiya kawai.

Motata ba ta da kube. In liƙa shi a jikin bamba?

Kada ka soma. Bambar baya siririn ƙarfe ce da aka lanƙwasa, amfaninta taka ƙafa da kare ɗan gogar da ba a rasa ba. Kube a shasi yake zama.

Ka shiga ƙarƙashin motar ka duba ƙarshen shasi ta ɓangarori biyu. Za ka tarar da ramukan noti da kamfani ya riga ya huda. Ka yanko farantan ƙarfe biyu masu kaurin milimita 8 zuwa 10, ka huda su daidai da waɗannan ramuka, ka haɗa su da kakkauran fayif da zai gitta daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ka yi waldar kuben a tsakiyarsa tare da tokara ta kowane gefe. Duk waldar a kan benci za a yi ta, ba a jikin mota ba, kafin a ɗaure da noti. Notin ya zama mai lamba 8.8 a kansa, aƙalla uku a kowane gefe.

Ba na son a yi walda a jikin shasi kai tsaye. Zafi yana sauya ƙarfen, kuma daga bakin waldar tsagewa ke farawa bayan an sha tafiya. Idan dole ta sa za ka ɗiga wuta a jikin mota don kama awo, ka cire kan batir, ka kare tankin mai da wayoyin fitila. Ka kuma tabbata safaya taya tana iya sauka bayan an gama. Na ga wanda sai da tayarsa ta fashe a hanya ya gane ƙarfen ya toshe ta.

Wane ƙarfe zan saya?

Ƙashin baya: baƙin fayif mai kusurwa huɗu, milimita 50 faɗi, kaurin bangonsa milimita 5. Kube: fayif mai faɗin 60 da kaurin 4, cikinsa zai ba ka 52, mai 50 ɗin ya shiga ba tare da ya yi ta kwaramniya ba. A cikin fayif akwai layin ɗinkin kamfani, sai ka goge shi da magagari kafin ɗayan ya wuce. Ginshiƙi da matashi kaurin milimita 3 ya ishe su. Fil kuma mai kaurin milimita 16, daidai da inci 5/8 da na kamfani ke amfani da shi, da ƙaramin makulli a ƙarshensa don kada ya zare.

Ka je kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu, ka auna da hannunka. Sunan da ake kiran fayif da shi daban, abin da ma'auni ke nunawa daban.

Wannan maganar da ciwo na koye ta. A farkon fara aikina wani bawan Allah ya matsa a rage masa kuɗi, na biye masa na yi ƙashin bayan da fayif irin na ƙofar gida, wanda bai kai milimita 2 ba. A shago ya yi kyau, har mutum biyu suka hau kai bai motsa ba. Kwana uku tsakani ya dawo. Ya haye tudun rage gudu da lodin katako, fayif ɗin ya lanƙwashe daidai bakin kube, bangonsa na ƙasa ya tattare kamar gwangwanin madara da aka taka, matashin yana jan ƙasa yana tartsatsi. Akwai mai a-daidaita-sahu a bayansa ɗauke da mata da yara. Allah ne ya kiyaye. Na sake masa wani da kuɗina, kuma tun ranar duk wanda ya ce a yi masa da siririn ƙarfe nakan ba shi haƙuri. Araha ba ta ado a irin wannan aiki.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. Nauyin da ke zaune shiru daban yake da nauyin da ya yi tsalle ya dawo. A kan rami kilo 100 yana iya dukan ƙarfe kamar kilo 200, kuma duk dukan a bakin kube yake taruwa.

Ba ni awo.

Ƙashin baya ya shiga kube aƙalla santimita 20, abin da ya fito waje kada ya wuce mita 1.2. Duk santimitar da ka ƙara a nan, ƙarin wahala ce ga bakin kube. Matashi mita 1.2 faɗi, kada ya fi faɗin bodi. Kunnuwa santimita 25 zuwa 30. Tsayin ginshiƙi kuwa motarka ce za ta faɗa maka: ka sauke ƙofar bodi, ka ɗora miƙaƙƙen katako ya fito baya, ka auna daga ƙasansa zuwa ƙashin bayan.

Idan ka yi ginshiƙin fayif biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ramuka kowane santimita 5, za ka iya ɗagawa da saukewa.

Abu guda da ake mantawa: ƙasa. Dogon ƙarfe a bayan mota yana dukan ƙasa idan za ka hau gangaren ƙofar gida ko ka fito daga kwari. Na saba yanka ƙashin bayan kaɗan bayan bakin kube, in ɗaga shi sama da 'yar karkata, in rufe mahaɗar da faranti ta gefe biyu.

A wajen walda me zan kula da shi?

Ka goge bakin ƙarfen da giranda ya yi gangare, domin wuta ta shiga ciki. Waldar da ta kwanta a sama kamar tuwon da aka shafa wa miya ba ta riƙe komai. Ka ɗiɗɗiga tukuna, ka gwada a jikin mota, ka duba kusurwa, sannan ka cika. Sandar walda 6013 da kowa ke amfani da ita za ta yi idan hannunka ya faɗa, amma 7018 ta fi ta ƙarfi a mahaɗar da ke ɗaukar nauyi, sai dai ba ta son danshi ko kaɗan, a busasshen wuri ake ajiye ta.

Inda ginshiƙi ya haɗu da ƙashin baya, da inda ya haɗu da matashi, ka sa faranti mai kusurwa uku, kaurin milimita 6. Ka yi waldar zobba huɗu a jikin matashi don maƙala ƙugiyar bel. Idan fayif ɗin farin nan ne mai rufin zinki, ka kankare rufin a inda wuta za ta taɓa kuma ka yi aikin a sarari, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Ranar da injin janareta ke ja da baya wuta ba ta kama sosai, ka bar manyan mahaɗai sai wani lokaci.

Fayif mai mita 6 da rodi fa? Su ne ainihin abin da nake ɗauka.

Su ba sa kwanciya a bodi. Tsakiyar fayif mai mita 6 tana mita 3, wato a kan matashin ko ma bayansa. Duk nauyin zai koma can, gaban kayan ya riƙa neman tashi.

Dabararsu ita ce a bi ta saman mota. Ka ƙera firam mai ƙarfi a gaban bodi, daf da bayan kan mota, ya ɗara rufin da santimita 10 ko fiye, a ɗaure shi da noti. Ka ɗaga ginshiƙin baya ya kai wannan tsayi. Kaya ya hau kan su biyun, tsakiyarsa ta faɗa tsakaninsu, gabansa ya miƙe ta saman rufin ba tare da ya taɓa shi ba. Dogon ginshiƙi yana lilo, saboda haka ka ja bel biyu daga kunnuwan matashi zuwa kusurwoyin bodi su riƙe shi. Fayif ɗin roba na ruwa da rodi suna da laushi, suna son mataimaki na uku a gaban mota, wanda shi ma a shasi zai kafu.

Rodi kuma a yi masa lissafi, don ido yana raina shi. Tsawonsa mita 12 ne, ana naɗe shi biyu ya dawo kamar 6. Mai milimita 10 guda ɗaya ya kai kilo 7.4, mai 12 kusan kilo 10.7, mai 16 kusan kilo 19. Guda 20 na mai 12, wanda a ido ɗan dami ne, sun haura kilo 210. A sama ni ba na wuce kilo 150 gaba ɗaya, domin nauyin da ke sama yana rinjayar mota a kwana. Rodin ginin bene kuwa aikin babbar mota ne, ka biya kuɗin ɗauko shi hankalinka kwance.

Robar tsohon tub ba ta isa ɗauri ba?

Ta isa ta haɗa kan kaya su zama dami ɗaya. Ba ta isa ta riƙe damin a jikin mota ba, saboda tana miƙewa, rana kuma tana cin ta. Ka nemi bel mai ƙugiya da abin ɗamewa, aƙalla uku: ɗaya can gaban bodi yana danne kan kayan, ɗaya kusa da ƙofar bodi, ɗaya a matashi. Na gaban shi ne mafi muhimmanci kuma shi aka fi mantawa.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro ba faɗuwar kaya ta baya ba ne. Birki ne. Idan ka taka shi da ƙarfi mota ta tsaya, kaya bai san an tsaya ba. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta Amurka da ta Turai duka sun ɗauka cewa turawar da kaya ke yi gaba tana kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa. Fayif da rodi santsi gare su, na tsakiyar dami yana iya fitowa shi kaɗai kamar mashi. Ka sa kayan su tokari bangon gaban bodi tun farko, kada ka bar tazara. Na sama kuma ka shaƙe damin, wato bel ya zagaye shi zagaye cikakke kafin ya sauka, ka kuma rufe bakin gaba da buhu mai kauri ka ɗaure. Kada bel ya taɓa salansa, wato bututun hayaƙin mota. Bayan tafiyar minti goma ka tsaya ka sake ɗamewa, kaya yana zama.

Me zan yi don kada in samu matsala da jami'an hanya?

Jan ƙyalle babba a ƙarshen kaya, mai tsabta da ake gani daga nesa, ba baƙar leda ko ganyen darbejiya ba. A yawancin jihohin Amurka doka ta ce kayan da ya wuce bayan mota da ƙafa 4, kamar mita 1.2, sai an sa masa jar tuta da rana da jar fitila da dare. Ma'auni ne mai kyau ko'ina. Ka manna tef mai ƙyalli a matashi da kunnuwa. Ka tsaya a bayan motar ka duba ko lamba da fitilun birki da na sigina suna fitowa. Idan kaya ya rufe su, ka ja waya ka sa wasu a jikin matashin. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da na KAROTA a Kano suna tsayar da mota kan lodin ganganci, kuma a wannan suna da gaskiya. Ka cire ƙarfen duk lokacin da babu kaya, don mai babur ba ya ganin sa da dare.

Yaya zan gwada shi kafin in hau titi?

Da siminti. Ka auna daga ƙasa zuwa matashi, ka auna daga ƙasa zuwa bakin kube, ka rubuta. Ka ɗora buhu 3, kilo 150 ke nan, su yi rabin sa'a. Ka sauke ka sake aunawa. Idan bambancin da ke tsakanin awo biyun ya sauya, ƙarfen ya lanƙwashe, bai ci jarrabawa ba. Idan ya dawo yadda yake, ka ɗaure buhu 2 ka zagaya a fili mai gargada a hankali, sannan ka bi kowace walda da tocila kana neman tsaga. Gwaji kafin fenti ake yin sa, fenti yana ɓoye aibi.

Zan iya yin sa da katako?

Shimfiɗar katako da aka ɗaure a cikin bodi ta fito rabin mita tana taimakon kwanon rufi ko silin. Amma abin da zai rataya a kube, ƙarfe kawai.

Tuƙi da shi akwai bambanci?

Sosai. Idan ka karya hagu, wutsiyar kaya dama take sharewa, kuma can ne masu babur ke kutsowa. Ka buɗe kwana, ka rage gudu tun da nisa, ka ninka tazarar da kake bari tsakaninka da na gaba. Tudun rage gudu a giya ta ɗaya ake hawan sa. Da kaya a sama ka lura da wayoyin lantarki da suka yi ƙasa a lunguna da rumfunan bakin kasuwa. Wajen ja da baya yaron mota ya sauka ya tsaya inda kake ganin sa a madubi.

Nawa zai ci, kuma yaya zan kula da shi?

Farashin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, gara ka tafi da jerin kayan ka yi ciniki: kakkauran fayif kamar mita 1.5, mai kaurin 3 kamar mita 3 ko 4 idan har da dogon ginshiƙi, guntun kube, fayif ɗin gittawa, faranti, noti, fil, sandunan walda da fenti. A wajen masu tsohon ƙarfe ana samun kakkauran fayif mai kyau, in dai tsatsa ba ta ci shi ba kuma bai taɓa lanƙwasa an miƙe shi ba.

Ka shafa jan fentin hana tsatsa, ka bi da launi mai haske, rawaya ko ruwan lemo. Ka huda ɗan rami a ƙasan ginshiƙi don ruwan damina ya fita. Ka ɗaura tsohuwar roba ko guntun kafet a kan matashi, kada ya karce kwano ko fayif. Bayan mako guda da fara aiki ka sake ɗame notin shasi, daga nan kuma duk lokacin da za ka yi juyen baƙin mai ka leƙa bakin kube da ramin fil. Idan ramin ya fara zama kamar ƙwai, ko ka ga siririn layin tsatsa a gefen walda, ka kawo shi shago kafin lodi na gaba.